AC na aiki amma ƙura na shigowa cikin mota: yadda za ka gane ko ɗan moton ƙofar iska ne ya lalace

Tun da hunturun nan ya kama, kusan kullum sai wani ya tsaya a garejinmu nan Gombe ko ya kira ni a waya da magana guda: gilasai duk a rufe, AC a kunne, amma ƙura na shigowa, ko kuma akwai wani abu da ke ƙas-ƙas-ƙas a cikin dashbod da zarar an murɗa makulli. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in zauna in jera shi daki-daki yadda muke bi a wajen aiki, wanda zai iya da kansa ya yi, wanda ba zai iya ba ko ba komai ya san me zai ce wa riwayansa, wato mai gyaran wutar mota, kada a yi masa wayo.

Abin da ya sa ma na ƙara ganin ya kamata shi ne wani Alhaji da ke zirga-zirga tsakanin Gombe da Bajoga, ya zo mana da Camry Muscle, farar shaddar da ke jikinsa ta koma kalar ƙasa wajen kafaɗa saboda bin bayan tirelolin siminti na Ashaka. Ya ce sau uku ana cika masa gas a wata biyu, wai AC ba ta sanyi sosai. Na sa geji na ga gas ɗinsa lafiya lau, har ma an so a cika shi fiye da kima. Na ce masa, Alhaji gas ɗinka ba shi da laifi, ƙofa ce a buɗe. Ya waiga yana duba ƙofofin motar ɗaya bayan ɗaya. To ba waɗannan ƙofofin ba.

A bayan fijin-hol, wato ɗan akwatin nan da ke gaban mai zaman banza, akwai wata ƙofar roba a saman fankar AC. Idan ta juya gefe ɗaya fanka na jan iskar waje ta ramin da ke ƙasan waifa, idan ta juya ɗaya gefen sai ta toshe waje, fanka ta dinga juya iskar cikin mota. Botin ɗin nan mai hoton mota da kibiya ta lanƙwasa a cikinta shi ke ba da umarni, wani ɗan moto kuma wanda bai kai kwalin sigari girma ba shi ke tura ƙofar. Masu sayar da kaya suna ce masa aktuweta, mu a gareji ɗan moto kawai muke cewa. Masu laifi uku ne a wannan matsala: ƙofar, ɗan moton, ko wutar da ke zuwa masa. Duk aikin da ke ƙasa na raba su ne, kada ka sayi ɗan moto alhali biro ne ya maƙale.

Kayan da za ka tanada

Sukudireba mai kai huɗu, wata mai kan tauraro lamba T20 idan motarka Fijo ce ko Golf ko wata ta Turai, ƙananan soket 7 da 8 da 10, tocila, ɗan madubi ko kyamarar wayarka, mita ta awon wuta, allura biyu ko siririyar waya, takardar tishu, turaren tsinke guda ɗaya, da kwano ko murfin gwangwani na zuba sukurori don wallahi sukurun nan idan ɗaya ya faɗa bayan kafet sai dai a yi masa addu'a. Mita ita ce kawai za ka iya cewa sai ka ara, kuma kowane riwaya na da ita.

1. Fara da kunne kafin ka taɓa sukudireba

Ka ajiye motar inda babu hayaniya, kashe rediyo, tayar da inji, sa fanka a lamba mafi ƙarfi, iska ta fito ta fuska. Yanzu danna botin mai kibiyar. Lafiyayyar mota cikin daƙiƙa biyu zuwa biyar za ka ji ƙarar fanka ta canza, ta ƙara ƙarfi kamar an buɗe mata baki, domin yanzu daga cikin mota take shaƙa kusa da ƙafar fasinja. Sake dannawa, ƙarar ta lafa. Yi haka sau uku ko huɗu.

Idan ƙarar ba ta canza ba ko kaɗan duk da ɗan hasken botin na kamawa, ƙofar ba ta motsi. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas ko garrr na 'yan daƙiƙu bayan ka danna, ɗan moton na da rai amma haƙoran giyarsa sun zube ko wani abu ya tare ƙofar. Idan kuma ɗan hasken ma bai kama ba, ka fara zargin botin ko allon AC ɗin kansa.

Gargaɗi a nan: kada ka yi wannan gwajin iska na kan gilashin gaba, wato inda ake sa ta don goge hazo. Motoci da yawa an yi su ne su ƙi karɓar iskar ciki idan an juya ta gilashi, hasken botin ya ƙyafta ya mutu, kuma wannan ba lalacewa ba ce, haka kamfani ya yi su. Haka idan AUTO na kunne kwamfutar AC na iya juya ƙofar da kanta ba da izininka ba. Mutum biyu na mayar gida ba su biya ko sisi ba saboda wannan kawai.

2. Gane a wane gefe ta maƙale

Wannan na da amfani don alamomin ba iri ɗaya ba ne. Idan ta tsaya a iskar waje, ƙura da hayaƙin manyan motoci da warin kwata duk za ka sha, kuma a zafin Maris da Afrilu da rana ke kai digiri 40 a garin nan AC za ta yi ta fama da iska mai zafi sabuwa kowane lokaci, sanyin ba zai taɓa taruwa ba, kana tsaye a go-sulo wajen babbar kasuwa kana gumi. Wannan shi ne ke sa a yi ta ɗura gas a banza. Idan ta tsaya a iskar ciki, sanyi zai yi kyau har ka ɗauka lafiya ce, sai damina ta zo gilasai su dinga yin gumi ta ciki, motar ta yi ta warin rufaffen ɗaki.

Gwajin tishu: fanka a ƙarshe, botin a iskar waje, ka ɗaga bonet ko ka tsaya gefen dama ka ɗora tishu a kan ragar da ke ƙasan waifa. Idan ƙofar na buɗe ga waje za ta tsotse tishun ya manne. Sa wani ya danna botin ya koma iskar ciki, ya kamata tsotsar ta saki ko ta ragu sosai. Idan tishun na manne a duka biyun, ta maƙale a waje. Idan bai manne ba a duka biyun, ta maƙale a ciki ko filta ta toshe gaba ɗaya.

Ni na fi son na turare don ba ya ƙarya. Kunna turaren tsinke ka riƙe shi kusa da ragar, ka kalli hayaƙin, ko yana miƙewa sama abinsa ko ragar na zuƙe shi. Na cikin mota kuma ya faɗa maka ko ƙamshi ya cika masa hanci. Ɗan ƙamshi kaɗan ba komai ba ne, ƙofar ba ta rufewa kamar murfin kwalba.

Hattara: share busassun ganyen dogon yaro da ke taruwa a wannan ramin kafin ka kawo wuta kusa, kuma kada tokar ta faɗa ciki.

3. Sauke fijin-hol ka gani da idonka

Kwashe duk abin da ke ciki. A yawancin Toyota da Honda ba sai ka kwance komai ba, ka zare ɗan sandan da ke riƙe shi a gefen dama, ka matse gefunan biyu zuwa ciki, sai ya faɗo ƙasa. Wasu motocin kuma sukurori ne biyar ko shida. Za ka ga wani dogon murfi, bayansa filtar AC take. Zaro ta.

Ka tsaya ka kalli filtar nan da kyau. A Gombe filtar da ta yi hunturu ɗaya ba a canza ba ta zama bulo. Toshewarta kaɗai na rage iska har mutum ya rantse fanka ce ta mutu. Wasu motocin Beljiyam kuma za ka buɗe ka tarar babu filtar ma sam, an zare an jefar tun a Kwatano, to komai na faɗawa kai tsaye kan fanka da ƙofa.

Haska tocila ta ramin filtar ka kalli sama. Ga ƙofar nan, wata kamar faifai, wata kamar rabin ganga, da raga a gabanta. Murɗa makulli zuwa ON, danna botin kana kallo. Abu huɗu ne za ka iya gani: ta tafi sumul ta rufe, ta ɗan motsa ta tsaya a rabi, tana rawa gaba da baya kamar mai jin sanyi, ko ko gezau.

Nemi abin da ya tare ta. Abubuwan da na ciro daga wannan wurin da hannuna: biro, cazbi, ledar fiya-wata, rasit ɗin mai, bawon gyaɗa cike da hannu wanda ɓera ya tara, har da sheƙar ɓeran da 'ya'yanta. A motar Alhajin can yarona ne ya leƙa ya ce, oga akwai asuwaki a ciki fa. Asuwakin ya zame ta bayan fijin-hol ya gicciye a bakin ƙofar, ɗan moton ya yi ta turawa yana turawa har ya cinye haƙoransa. Ka ga nan laifi biyu ne, da mun canza ɗan moto ba mu leƙa ba sabon ma haka zai bi.

Duba sosan da ke zagaye da bakin ƙofar ma. Zafin nan namu na mayar da shi gari. Idan kana ganin baƙin ɓurɓushi na fitowa ta ramukan iska yana zuba maka a riga, shi ne. Ƙofar da sosanta ya ƙare za ta yi motsi lafiya amma ƙura na wucewa ta gefe, wannan ba aikin ɗan moto ba ne, soso za a sake mannawa.

Gargaɗi babba: kada ka zura hannu ciki fanka na juyawa, tana nan ƙasan ramin filtar kuma tana yanka. Sannan duk soket ko waya mai ruwan ɗorawa da ka gani a wannan wurin ta iyabag ce, jakar iskar fasinja na nan saman kanka. Kada ka cire ta, kada ka soka mata mita.

4. Tabbatar wane ɗan moto ne a cikinsu

Nan ni kaina na taɓa cin kuɗin mutum ba da niyya ba, shekarun baya ina sabon buɗe wajena. Mota na ƙas-ƙas, na ce ɗan moton ƙofar iska ne, muka aika aka kawo, na ɗaura, na murɗa makulli, ƙas-ƙas-ƙas na nan daram. Ashe na gauraya zafi da sanyi ne. Daga aljihuna na biya na biyun.

Mota mai AC na lantarki na da irin waɗannan 'yan moto aƙalla uku kuma kamanninsu kusan ɗaya: na ƙofar iskar waje, na gauraya zafi da sanyi, da na raba iska zuwa fuska ko ƙafa ko gilashi. Mai sanyin gefe biyu daban-daban na da huɗu ko fiye. Namu shi ne wanda ke manne a jikin gidan fanka, can sama ta dama, sauran sun fi kusa da tsakiyar dashbod. Hanya mafi sauƙi: ɗora yatsa a bayansa ka danna botin mai kibiya, za ka ji yana kaɗawa a hannunka. Sannan ka murɗa na zafi da sanyi, ka canza na fuska da ƙafa, ka ji wanne ne ke kawo ƙarar. Idan har yanzu kana shakka, kashe makulli, zare soket ɗin wanda kake zargi, kunna. Ƙarar ta ɓace, shi ne.

Idan motarka tsohuwa ce mai ɗan sandan da ake turawa hagu da dama, ba ta da ɗan moto, waya ce kamar ta birkin keke, sai dai ta zame daga maƙalinta ko ta tsinke. Tsofaffin Marsandi irin su V-boot da wasu motocin Amurka kuma da tsotsar inji suke aiki, siririn tiyo ne ke zuwa wani ɗan gwangwani. A waɗannan ka nemi tiyon da ya tsage, sau da yawa za ka ji yana tsss.

5. Tambayi motar da kanta

Masu Toyota da AC ɗinsu ke da AUTO da allon lamba, irin su Camry da Sienna da Highlander da Lexus da yawa, motar na iya faɗa maka inda ke mata ciwo ba tare da an jona mata kwamfutar gwaji ba. Makulli a kashe, danne AUTO da botin mai kibiya tare, riƙe su, murɗa makulli zuwa ON. Fitilun allon za su ƙyafta sau huɗu, sai lamba ta fito inda ake nuna digiri.

00 na nufin ba ta ga komai ba. 42 ɗan moton ƙofar iska ne ko wayoyinsa. 32 sensan da ke faɗa wa kwamfutar AC inda ƙofar take. 41 na zafi da sanyi ne, 43 na raba iska, ka ga wannan ma ya raba maka gardamar mataki na huɗu. Idan aka sa mata kwamfuta waɗannan lambobin ne za su fito a matsayin B1442 da B1432. A yawancinsu idan ka sake danna botin mai kibiya bayan lambobin sun fito, motar za ta shiga gwada ƙofofin da kanta ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana kallo da tocila. OFF ke fitar da kai.

Kada 21 ta tsorata ka. Ta sensan rana ce, idan kana ƙarƙashin rumfa ko bishiya ko da dare za ta fito ko da komai lafiya. Na ga wanda aka sayar wa sensa saboda 21, motar na fake a inuwar mangwaro.

Kuma lamba ba hukunci ba ce. 42 na cewa ne na umarci ƙofa ta tafi ba ta isa ba, ba ta san ko asuwaki ne ko ɓera ne ya ci waya ba. Wasu motocin kuma ɗan motonsu ba ya mayar da rahoto, ko ya mutu murus 00 za ka gani. Honda da Fijo da sauran kowacce da nata salon, su kam a kai su a sa kwamfuta, amma ka tambayi mai kwamfutar ko tasa na shiga ɓangaren AC, don ƙananan nan masu araha inji kawai suke karantawa, ya karɓi kuɗinka ya ce maka ba kod.

6. Cire ɗan moton ka gwada ƙofar da hannu

Kashe mota, cire kan batir na nagetif, jira kafin ka sa hannu kusa da wayoyin iyabag, Toyota na cewa daƙiƙa 90, Honda minti uku, ni dai minti uku nake ba kowacce. Masu Honda Accord ɗin nan da ake kira EOD da ire-irenta ku tabbata kuna da lambar rediyo kafin a cire batir, in ba haka ba rediyon zai kulle ku koma neman mai buɗewa.

Ɗauki hoton wurin da waya kafin ka kwance komai, musamman yadda ɗan hannun robar ya shiga cikin tsagin ƙofar. Sukurori biyu ne ko uku, kuma kullum akwai ɗaya da ke ɓoye ta baya wanda zai sa ka kwanta rigingine a kafet ƙafafu a kan kujera, nan ɗan madubi ke aiki. Danna harshen soket kafin ka ja, kada ka ja ta waya, robar ta sha zafin shekaru tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli.

Da ɗan moton ya fita, kama inda yake kamawa ka juya ƙofar da yatsa. Ya kamata ta tafi daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba nauyi, ka ji ta zauna a kowane gefe. Idan tana ciza, ko sai ka sa ƙarfi, matsalar ƙofa ce, ka nemo dalili kafin ka ɗaura komai. Idan kuma sandar na juyawa fayau amma ƙofar ba ta bi, sandar ta karye a ciki, wannan shi ne labari mara daɗi domin a motoci da yawa sai an sauke gidan fanka, wasu ma sai dashbod gaba ɗaya.

Kada ka kama bakin ɗan moton da filaya ka murɗa don ka ga ko yana juyawa. Giyar ciki ba a yi ta don a juya ta daga waje ba, lafiyayye ma za ka karya shi.

7. Awon wuta

Idan ƙofa lafiya kuma ɗan moton shiru yake ba ya ko ƙara, kafin ka yanke masa hukunci ka ga ko ana ba shi abinci. Mayar da batir. Fara da fiyus, murfin akwatin fiyus na nuna na AC ko HTR, amma gaskiya da wuya ya zama shi, don idan ya ƙone yawanci ba ƙofar nan kaɗai za ta tsaya ba.

Ƙirga wayoyin soket ɗin. Mai waya biyar shi ne aka fi gani a motocin da muke hawa: biyu na moto, uku na sensa. A cikin ukun ɗaya na ɗauke da bolt 5, ɗaya ƙasa ce, ɗaya kuma ita ke mayar da rahoto. Mayar da soket ɗin jikin ɗan moton ka bar shi a jone, soka allura ta bayansa ta taɓa ƙarfen, sa mita a DC 20. A kan wayoyin moto biyu, lokacin da aka danna botin za ka ga kusan bolt 12, a sake dannawa ka ga 12 da alamar ragi a gabanta, wato an juya masa wuta ya koma baya.

Kuskuren da yara ke yi a nan: wutar na zuwa ne na 'yan daƙiƙu kawai bayan dannawa, sai ta ɗauke. Yaro zai danna, ya je ya ɗauko mita, ya auna, ya ce oga ba wuta. Dole idonka na kan mita wani na dannawa.

Wayar rahoto kuma, yayin da moton ke tafiya lambar ta dinga hawa ko sauka a hankali tsakanin wajen rabin bolt da huɗu da rabi. Idan tana tsalle, ta faɗi sifili ta dawo, sensan ciki ya cinye ko ya yi datti, kuma shi ne ke sa ƙofa rawa gaba da baya ko kana tafiya ka ji ƙrr-ƙrr ba ka taɓa komai ba.

Hukuncin a taƙaice: wuta na zuwa moto ba ya motsi, ɗan moto ne. Wuta ba ta zuwa, bi waya baya zuwa allon AC, nemi inda ɓera ya ci ko inda mai sa rediyo ko tiraka ya yanka ya naɗe da selotef. Sai ka tabbatar wayoyi lafiya sannan ka zargi allon, shi ne mafi tsada kuma shi ne mafi ƙarancin lalacewa.

Gargaɗi ga riwayoyi 'yan'uwana: ku ajiye testa mai ƙwan fitila a wannan aikin, da ɗabi'ar nan ta jawo waya daga batir a dinga taɓa fil ɗaya-ɗaya a ga wanne zai yi motsi. Bolt 12 a kan wayar bolt 5 na iya ƙona allon AC. Sababbin motoci kuma da yawa ɗan motonsu waya uku ce kawai, wuta da ƙasa da wayar saƙo, akwai ɗan kwamfuta a cikinsa, ba a gwada shi da batir sam, sai da kwamfuta ko a jona wani lafiyayye a gani. Mai waya biyar ne kawai za ka iya cirewa ka taɓa wa fil biyun moto ƙaramin batir mai bolt 9 na ɗan lokaci, ka juya wayoyin ya koma baya, kuma sai ka tabbata su ne na moton.

8. Gyara ko saye, da maganar kuɗi

Buɗe shi kafin ka jefar, 'yan harsuna ne a gefe ana ɓalle su da siririyar sukudireba. Idan haƙoran farar giyar sun zube, saye za ka yi. Sufa-gulu ba ya riƙewa, mun gwada, kwana biyu ne. Idan giya lafiya amma faifan da 'yan yatsun ƙarfe ke gogawa ya yi baƙi da tsohon giris, goge shi da auduga da ɗan sipirit, ɗaga yatsun kaɗan ƙwarai su ƙara dannawa, shafa sabon giris ɗan mitsitsi, rufe. Na Toyota da Lexus da yawa haka muke tashinsu kuma su yi shekaru, kuɗin aiki kawai mutum zai biya.

Idan saye ne, tafi da tsohon a hannu, lambar da ke jikinsa ita za a bi, ba sunan mota kaɗai ba, don Corolla biyu da aka ƙera a shekara guda, ɗaya ta Amurka ɗaya ta Turai na iya zuwa da soket daban. Na Beljiyam na asali ya fi min sabon kwali mara suna, amma ka yi sharaɗi da mai shago a gaban mutane cewa idan bai yi ba za ka dawo da shi, kayan wuta ba sa son karɓa. Wanda babu a Gombe akan aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo a Legas, ka lissafa da kuɗin mota da kwanakin jira. Farashi na bin dala, saboda haka tambayi shago biyu ko uku a ranar. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin tsadar: cire abin da ya maƙale da wanke ɗan moto su ne mafi sauƙi, sai filta, sai ɗan moto na Beljiyam, sai sabo na kamfani, can sama kuma allon AC da aikin sauke dashbod. Wanda ke bayan fijin-hol aikin minti talatin ne zuwa awa ɗaya. Duk wanda ya ce maka sai an sauke dashbod ko sai an zubar da gas, ce masa ya nuna maka dalili da tocila tukuna, canza wannan ɗan moton bai shafi gas ba.

Idan aljihu ba nauyi yanzu, akwai dabarar wucin gadi: zare soket ɗin, juya ƙofar da hannu zuwa iskar ciki, ɗaure ta da tayi-raf, ɗan maɗaurin robar nan na ɗaure wayoyi. Ƙura ta tsaya, sanyi ya dawo, ƙas-ƙas ya ƙare. Amma ka sani mota cike da mutane a rufe ruf, tafiyar Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri, iskar da kuke fitarwa ita kuke sake shaƙa, tana kawo nauyin kai da gyangyaɗi ga direba. Dinga sauke gilashi kaɗan lokaci-lokaci, kuma a gyara kafin ruwan farko.

9. Ɗaurawa da gwajin ƙarshe

Juya ƙofar da hannu ta dace da inda bakin sabon ɗan moton yake, ƙofa ke bin moto ba moto ke bin ƙofa ba. Ya zauna da kansa ba tare da dannawa ba, idan sai ka tura da ƙarfi to bai hau daidai ba, duba hoton da ka ɗauka. Ɗaure sukurori da hannu kawai, roba suke ci, ka ƙara ƙarfi ramin ya lalace.

Jona soket, mayar da batir, murɗa makulli zuwa ON ka bar shi kamar minti ɗaya ba ka taɓa kowane boti ba. Za ka iya jin 'yan motocin na zuuu suna kai ƙofofi ƙarshe da ƙarshe, suna koyon iyakarsu ne, kada ka katse su. Wasu motocin sai an yi musu wannan da kwamfuta an kuma goge tsohuwar lambar.

Kafin ka mayar da fijin-hol danna botin sau goma kana kallon ƙofar, ka maimaita gwajin turare. Sa sabuwar filta, kibiyar da ke gefenta ta bi yadda aka rubuta, a yawancin Toyota UP ne ke kallon sama, masu rubutun AIR FLOW kuma kibiya ƙasa take kallo wajen fanka. Hura tsohuwar da iskar mai faci na ɗan taimakawa sau ɗaya, amma idan ka ɗaga ta ga rana haske ba ya ratsawa ta gama aiki. Sannan abin da ke cikin fijin-hol ɗin a rage shi, ƙananan kaya irin su biro da asuwaki a sa su cikin 'yar jaka mai zif, don ta saman bayansa suke zamewa idan an cika shi an danna an rufe.